Gangaren Rurum

Giyar ta sake yin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Isiyaku direba ya runtse ido.

"Sau biyu ake taka kuloci, Malam Maharazu. Taka, fito da ita firi, saki, ba ta wuta, sake takawa, sannan ka sa."

Maharazu ya haddace wannan karatu sarai, ƙafar ce ta ƙi ɗauka. Shekara ashirin yana kai gyaɗar Rano Kano a kan jakuna, har manyan motoci suka zo suka ƙwace lodin. Ya sayar da jakunan, ya zama karen mota da furfura a gemu. Mai motar ya ce idan kakar bana ta wuce hannunsa bai faɗa ba, ya nemi wata sana'ar. Wannan lodi shi ne na ƙarshe.

Maharazu ya hau tudun Rurum da ƙyar a giya ta biyu. Da suka fara gangarowa, injin na riƙe nauyin yana gurnani, sai tausayi ya kama shi. Duk mai jaki ya san dabbar da ta gama hawa da kaya ana sassauta mata. Ya zare giyar, ya bar ta a firi.

"Me ka yi?"

"Na ce ta ɗan huta."

Motar ta kwasa da gudu. Ya tura giyar, ta tofo ta. Birki ya fara ƙauri. Isiyaku ya ture ƙafar Maharazu, ya danna totur har injin ya yi kururuwa, ya cusa giyar ta shiga. Suka tsaya a bakin wata gonar dawa, buhu uku sun fashe a hanya.

Isiyaku ya kashe injin, ya juyo ya dubi Maharazu. Ba mugu ba ne, kuma hakan ya fi yi wa Maharazu ciwo.

"Ƙarfe ba ya gajiya, Malam. Kai kuwa ba za ka daina jin tausayinsa ba. Wata rana za ka kashe mutane."

"To yaya zan yi da iyali?"

"Ana neman 'yan dako a Kibiya. Zan yi maka magana."

Maharazu ya sauka, ya tattara gyaɗar da ta zube, ya ɗaure bakin buhu. Ya duƙa, Isiyaku ya ɗora masa a baya.