Garin Azurfa A Kan Bargo

"Ajiye magagarin nan, Yallaɓai, ko in jefa shi a teku!"

Keziah, mai kula da shi, ta dire kwanon romon kifi a kan akwati. Laftanar Hosking ko ɗagowa bai yi ba. Yana jingine da matashi, yana goga gefen lambar yabonsa da magagarin, ƙarr, ƙarr, garin azurfa yana zuba a kan bargo.

Shekara arba'in da yin yaƙin, sai yanzu hukuma ta tuna da su. Wai kuma masu rai kaɗai za a ba lambar, kowa da sunansa a gefenta. Jabez, mijin Keziah, wanda ya cicciɓo Laftanar daga ƙarƙashin igwa ranar da jirgin ruwansu ya kama da wuta, ya rasu saura shekara guda a fara rabo. Shi ke nan, ko ƙyalle bai samu ba.

"Sunana nake cirewa," in ji tsohon. "Ki kai wa maƙerin bakin tashar jirgin ruwa ya buga na Jabez."

"Jabez yana kabari, me zai yi da ita? Kai fa? Ba mata, ba ɗa, ba ƙarin girma. Yaran da ka koya wa ɗaurin igiya duk sun zama manya, kai kana nan Laftanar kamar an kafa ka da ƙusa."

"Bakinki ne ya kashe Jabez, na sani."

"Giya ce ta kashe shi. Sha romonka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Keziah ta riƙe kafaɗarsa har ya lafa. Tausayinsa ya cika ta, ga kuma haushi. A duk unguwar nan ta Devonport, wannan ɗan ƙarfen ne kaɗai zai nuna mutumin ya taɓa rayuwa, ga shi yana share kansa da hannunsa.

Ta ɓoye magagarin a tukunyar gishiri. Washegari ta tarar da shi a hannunsa. Yadda ya rarrafa har madafa, Allah kaɗai ya sani. Daga nan ta ƙyale shi.

Ranar Alhamis da hantsi ta shigo da shayi, ba ta ji ƙarr ɗin ba. Kansa ya karkata wajen taga, inda ake hango jiragen yaƙi. Hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Ta zare lambar daga yatsunsa, ta kai ta haske. Harafi uku suka rage. Ba sunansa, ba na Jabez.

Matan layi suka zo gyaran gawa. Ɗaya ta ɗauki bargon za ta kakkaɓe a waje.

"Kar ki kakkaɓe," in ji Keziah.

Ta karɓa, ta naɗe shi a hankali, gefe zuwa gefe, don kada garin ya zube.