Ranar da A-kori-kurar Kabo Ta Yi Ƙyalli

Tun ranar da injin goge fenti ya shigo hannun Abdulkahar zama ya gagare shi. Wankin mota da babur yake yi a bayan tashar Batsari, sana'ar bokiti da soso da omo, sai wani ɗan'uwansa ya kawo masa injin daga Kaduna, tsoho, wayarsa duk ɗaurin salatif, da gwangwani biyu, na man gogewa da na kakin ƙyalli. Bai taɓa ɗora shi a jikin mota ba. Iyakar saninsa abin da ya kalla a waya ne, wajen wani Bature mai surutu da ke goge mota a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga.

Ga kuma abin da ya fi injin hana shi sakat. Matarsa Tayyiba tana gidansu a Runka wankan jego, haihuwar fari, kuma arba'in ta cika. Yayanta Kabo, mai a-kori-kurar da ke jigilar hatsi tsakanin Runka da Safana da Batsari, shi zai ɗauko ta da jaririyar washegari. Hanyar Runka kuwa kowa ya san halinta, yau a wuce lafiya, gobe mutanen daji su tare. Abdulkahar ba ya da wani buri da ya wuce ya ga uwa da 'ya sun sauka a tashar nan lafiya, kuma cikin mutunci.

Da safe Kabo ya kawo motar, ya ce zai tafi Dutsin-ma ta'aziyya a motar haya, sai la'asar.

"Ciki kawai za ka wanke, saboda jaririya," in ji shi. "Wajen ka bar min shi yadda yake, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Bai ji ba. Ya kewaya motar yana tsaki. A da shuɗiya ce, amma rana da jar ƙasa sun mayar da ita wata kala da ba ta da suna. Wai a cikin wannan za a kawo masa 'yarsa ta fari, a gaban mutanen tasha, alhali shi wankin mota ne sana'arsa? Ya ce a ransa kara ce kawai Yaya Kabo yake yi masa, ba ya son ya wahalar da shi. Ya ari janaretan mai cajin waya, ya jona injin.

Farkon abin ba kyan gani. Ya lafta man gogewa a soson kamar mai shafa wa burodi bota, yana kunnawa, injin ya watsa shi ko'ina, har kan teburin Rilwanu mai shayi.

"Malam Abdulkahar, mota kake gogewa ko ni?" in ji Rilwanu yana share goshi.

Man da ya rage a jikin bonet rana ta busar da shi nan take, ya kama kamar busasshen koko a kwano. Sai da shi da Rilwanu suka tura motar ƙarƙashin dalbejiya, ya jira ƙarfen ya huce. Da ya sake farawa ya danne injin da dukkan ƙarfinsa a gefen ƙofar direba, don a zatonsa fenti ma sai an nuna masa ƙarfi. Ya ji ƙauri. Yana ɗagawa ya ga shuɗin ya cinye a wurin, toka-tokar da ke ƙasa ta leƙo. Ya zauna, ya tashi, ya sake kunna bidiyon Baturen, ya kashe don haushi.

A hankali dai hannunsa ya gane. Ɗigo kaɗan na mai ya isa. Wuri kaɗan ake kamawa, a bar injin ya tafi da nauyin kansa, kada a tsaya wuri guda, kada a hau gefe mai kaifi. Lokaci-lokaci yana taɓa ƙarfen da bayan hannu ya ji ko ya yi zafi. Azahar a gurguje ya yi ta, abinci kuwa ya manta da shi. Shuɗin da ya shekara da shekaru a ɓoye ya dinga fitowa. Da ya gama ya shafa kakin, ya jira ya yi fari-fari, ya goge da tsohuwar singileti. Ya watsa ruwa don gwaji, ruwan ya dunƙule ya gangare, bai bar ko alama ba. Ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. 'Yan acaɓa suka taru suna sa albarka.

Bayan la'asar Kabo ya sauka daga motar Dutsin-ma. Ya wuce motarsa bai gane ta ba, sai da ya ga lambar ya dawo. Ya daɗe a tsaye. Abdulkahar ya yi saurin nuna masa gefen ƙofar da ya ƙone yana ba da haƙuri.

"Bar wannan," in ji Kabo a hankali. "Mi ka yi ma motar ga? Kana tsammani ban san hanyar wurin wanki ba? Shekara da shekaru ina tara mata dauɗar nan. Waɗancan mutane daga kan duwatsu suke kallon hanya. In sun hango ta a koɗe, sun san motar dawa ce, ba kullum suke kulawa ba. Wagga kuwa tun daga nesa za ta haske masu ido kamar madubi, su ce wani babba ne ya shigo. Kuma ƙanwata da ɗiyarka ne a gaba."

'Yan acaɓa suka zame ɗaya bayan ɗaya.

"Sai dai in hwasa zuwa," in ji Kabo. "Su zauna can har ƙyallin ya mutu."

Kunya da tsoro suka taru suka rufe Abdulkahar. Su ƙara kwana a Runka, inda ake barci da kunne ɗaya? Ya ɗauki bokiti ya nufi kududdufin bayan tasha, ya ciko shi da taɓo, ya watsa wa bonet. Taɓon ya zame ya zube ƙasa, ya bar shuɗin yana walƙiya. Kakin ya yi aikinsa, ga shi kuwa a lokacin da ba a so. Ya sake watsawa, ya sake zamewa.

Sai ya tuna abin da Baturen ya yi ta gargaɗi a kai, cewa kada a kuskura a sa omo, yana cinye kaki. Ya zazzage omo a ruwa ya wanke wahalarsa ta yini guda da hannunsa. Ya karɓo baƙin mai wajen bakanike, ya kwaɓa da jar ƙasa, ya bi motar da tsumma tun daga bonet har baya. Kabo ya naɗe hannun riga ya kama masa. Kafin magariba motar ta fi yadda ta zo muni.

Washegari Abdulkahar bai wanke ko babur ɗaya ba. Ya je bakin titi, ya dawo, ya koma. Ya kira wayar Kabo, ba sabis. Rilwanu ya haɗa masa shayi, ya huce a kan benci. Duk ƙarar mota sai ya miƙe. Can bayan azahar, ga ta nan tafe tana rangaji, buhuna a baya, baƙa ƙirin da ƙasa.

Tayyiba ta sauko a hankali da jaririyar a kafaɗa, tana tattare mayafinta kada ya taɓa ƙofa. Bayan sun gaisa ta dubi motar, ta dubi mijinta.

"Yanzu fisabilillahi, kana sana'ar wankin mota, ka bari aka ɗauko mu a cikin wannan?"

Kabo ya kau da kai yana gyaran murya. Abdulkahar ya goge tafin hannunsa a riga, baƙin man jiya bai gama fita daga farcensa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi 'yarsa.

"Aikina ne," ya ce. "Jiya na yini a kanta."