Saƙon Tabawa da Ya Maƙale a Akwati

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma akwatin saƙon nan ne ya jawo shi. Ɗana Ɗahiru ne ya kawo min shi shekara ashirin da suka wuce: ɗan allo kamar faranti, da maɓallai, ana jona shi da wayar tarho. Da shi nake gulma da aminiyata Tabawa bayan ta koma Gusau. Ranar da masu yin sa suka rufe harkar, saƙonta ya shigo rabi: "Kin san matar mai gyaran keke? Ashe..." Nan ya tsaya. Jiya kuma surukata Ramlatu ta ce da safe za ta ba mai gwangwan shi, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

A mafarkin, rana tsaka, na tsinci kaina a ofishin kayan da aka daina yi. Wani bunsuru mai tabarau ne shugaba, yana tauna takardun jama'a, wai haka ake adana su. Na ce wurin akwatina na zo. Ya leƙa kunnena na hagu ya buga min hatimi a gyale.

Sai ga ni a wani tsakar gida. Wayoyin tarho sun yi yaɗo a katanga kamar kabewa, har da 'ya'ya. Tsohuwar rediyo na tankaɗe, dutsen guga mai gawayi na alwala. Akwatina na zaune a tabarma, ya ɗaura zani.

Na fara tambayarsa ya ɗaga maɓalli ɗaya, wai sai mun gaisa. Ashe ƙarar nan da yake yi a da kafin ya kama, ƙiii-ƙurrr, gaisuwa ce yake yi da akwatin Tabawa na Gusau: ya gida, ya yara, ya ƙafar Malam. Ni kuwa ina ta dukansa da mafici. Na ba shi haƙuri. Muka gaisa har inuwa ta zagaya sau biyu ta gaji ta zauna.

"To, ashe me?" na ce.

Ya yi tari, ya tofo 'yar takarda mai ɗumi kamar waina. Na karanta a hankali, da yatsa, yadda na iya: "Ashe... ke dai ki zo. Irin wannan ba a rubuta ta."

Na yi dariya har ɗankwalina ya tashi ya sauka a bishiya ya yi ƙwai. Halin Tabawa ke nan. Shekara da shekaru ina zargin akwati.

Ƙarar kurar mai gwangwan ce ta tashe ni, yana bubbuga ƙarfe a ƙofar gida. Na goge wa akwatin ƙura, na gaishe shi sosai, na miƙa wa Ramlatu. Ta tsaya tana kallona.

Na ce, "Ki ce wa mijinki ya zuba mai a mota. Gusau za ni, tun matar mai keken tana da rai."