Na Waje

A ƙauyen su Karamat, can ƙasar Chakwal, ba a kiran sunan alade. Wai in ka kira shi bakinka ya ƙazantu kwana arba'in, sai dai a ce "na waje". To, na wajen nan ne suka cinye wa Karamat gonar gyaɗa shekara biyu a jere. Da tura ta kai bango, ya saci wuta daga turken lantarki ya jona da wayar shingensa. Ya san doka ta hana. Kowa ma ya sani, kuma rabin garin haka suke yi.

Ranar da ya jona wayar, ya biya gidan ƙanwarsa Bashiran, wadda ya raina da hannunsa bayan rasuwar iyayensu. Ya tarar tana gasa gurasa.

"Yau na ɗana wa na waje abin da zai ishe shi a gona," ya ce yana dariya.

"Kai dai Yaya, ba ka gajiya da neman faɗa!"

Ta ɗauka tsokana ce. Mijinta Mushtak ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙin mota a birnin Maskat, can ƙasar waje, kuma tun da ya dawo yana ƙamshin turare Karamat yake ce masa "na waje". Shi ya sa ba ta gaya wa mijin komai ba.

Washegari da sassafe Mushtak ya yanke ta gonar zai yo wa ɓaunar da yake kiwo ciyawa, ƙafa ba takalmi, ƙasa sharkaf da raɓa. Karamat na shan shayi aka zo aka faɗa masa wayar ta kashe Mushtak.

Lauya bai ɓoye masa ba. "Ba wanda ya ce ka yi niyya, malam. Ka aikata abin da doka ta hana, mutum ya mutu ta sanadinsa, magana ta ƙare. Sai fa in magada sun yafe."

Dangin mamacin suka ce duk abin da matarsa ta yanke sun bi. Wata bakwai Karamat yana tsare, kuma ba kurkukun ne ya rame shi ba. Abu ɗaya yake so a duniya, Bashiran ta yarda cewa ba mijinta yake nufi ba.

A harabar kotu ya gan ta cikin farin mayafi. Ya matso, sarƙa a hannu.

"Bashiran, wallahi tallahi dabbar nake nufi."

"Na sani," ta ce.

Zuciyarsa ta yi sanyi, har ya fara hamdala.

"To me ya hana ka kiran sunanta? Kalma ɗaya ce fa, Yaya. Ka ji tsoron ƙazantar bakinka kwana arba'in, ni ka bar ni da takaba."

Ta shiga ta dangwala yatsa a takardar yafiya, ba ta nemi ko diyya ba. Aka sake shi a ranar.

Ya kwance wayar, ya bar gonar ta zama saura. Ranar ƙaramar salla ya yi ƙarfin hali ya ɗauki alewa ya je ƙofar gidanta ya yi sallama. Ya ji maƙwabciyarta daga ciki tana tambaya, "Wane ne?"

Muryar Bashiran ta fito sarai, babu fushi a cikinta ko kaɗan.

"Sa sakata, Inna. Na waje ne."