Belin Sahabi

Duk Rawayya an san Inna Hanatu ba ta da abin tunƙaho da ya wuce muryar ɗanta Sahabi, ko da yake ba ta taɓa gane kalma ɗaya cikin abin da yake rerawa ba. Tun yana sakandare a Gusau wani malami ya ji shi yana waƙa a wurin wanki, ya riƙe shi bai sake ba sai da ya ga ya shiga wata jami'a can kudu. Mutanen gari suka yi dariya har da riƙe ciki. 'Ya'yan wasu sun tafi karatun likita, ɗan Hanatu ya tafi karatun waƙa, alhali ko makaɗin kalangu babu a zuriyarsu. Waƙar ma ba ganga ba 'yan amshi. Mutum ne zai tsaya ƙyam kusa da piyano, ba lasifika, ya cika zaure da murya cikin harshen Italiya ko na Jamus. Hanatu ba ta tanka wa kowa. In ya zo hutu ya fita bayan gari da hantsi yana gwaji, takan jingine taɓarya ta saurara har tsikar jikinta ta tashi.

A daminar 1998 ya dawo gida ba lokacin hutu ba, a rame, da murya kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya zauna bakin ɗakinta ya yi mata bayani a hankali.

"Inna, likita ya diba maƙoshina da madubi. Jijiyoyin murya sun kumbura don yawan gwaji. Ya ce in yi shiru har kumburin shi sace, ko raɗa ya hana ni. Jarrabawata ta ƙarshe na nan tahe, ni ɗai zan tsaya gaban malamai in yi waƙa. In muryag ga ba ta dawo ba, shekarun nan duka sun tahi banza."

"To ina maganin da yab ba ka?"

"Shirun shi na maganin, Inna."

Daga nan ya rufe baki. Gaisuwa da hannu, godiya da kai, in yana son ruwa ya nuna randa.

Hanatu ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma a ina aka taɓa jin likita ya ga ciwo da idonsa ya sallami mutum ba ƙwaya ba allura? Kuma akwai abin da ba ta faɗa. Ɗanta na fari, Mamman, da dushewar murya ya soma. Yana ɗan shekara biyar maƙogwaro ya toshe masa, ya rasu a kan cinyarta yana neman iska. Ranar zaman makoki tsofaffi suka ce da an cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen ganda, da bai kai haka ba. Shi kuwa Sahabi a asibitin Gusau aka haife shi, mahaifinsa malamin gona ne mai taurin kai, ya hana wanzami ya taɓa bakin yaron. Mahaifin ya daɗe a ƙasa, ya bar ta da wannan ƙaya a zuciya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Talatu maƙwabciyarta, wadda ba a taɓa yin ciwo a unguwa ba ta san sunansa ba, ta shigo aron rariya ta kalli Sahabi yana haɗiyar yawu da ƙyar.

"Hanatu, mi kike jira? Beli na yas sauko. Ki bari shi hwashe mai cikin wuya, ki ga abin da kin ka gani wancan karon."

A ranar Hanatu ta aika Tsafe a kirawo Labbo wanzami. Labbo ba baƙo ba ne. Shi ya yi wa Sahabi askin suna, shi ya yi masa kaciya, kuma a zamaninsa an shaide shi da saurin hannu. Sai dai zamanin ya ja baya, ido ya soma hazo, hannu yana ɗan rawa in ya ɗaga kofin shayi. Ba wanda ya ga dacewar faɗa wa dattijo haka.

Da Labbo ya iso, Sahabi ya ga zabirarsa ta aski a tsakar gida ya gane. Ya miƙe ya karya shirunsa.

"Inna, don Allah! Ba beli ba na. Ciwon can ƙasa yake, inda aska ba ta kaiwa. Ki ƙara haƙuri kaɗan, ina jin sauƙi."

Labbo ya yi murmushin manya. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganin shi. Buɗe baki ɗai, kamin ka ƙihta ido an gama."

"Baba Labbo, ban yarda ba."

Nan tsoro ya rufe wa Hanatu ido. Ita ba jarrabawa take gani ba, fuskar Mamman take gani. Ta faɗi maganar da ta san ba ɗan da zai iya tsallake ta.

"Na bizne guda, ba ni bizne na biyu don kunyar boko. In ka ƙi, Sahabi, ban yahe maka nonon da kas sha ba."

Sahabi ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ba fushi a idonsa, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Ya cire hula ya zauna kan turmi. Maza biyu suka riƙe kafaɗunsa. Labbo ya danne harshe da ɗan katako, ya zura ƙarfensa mai lanƙwasa, ya ja. Bai fita ba. Ya sake ja. Abin da ya fito ya fi beli girma, jini kuwa ya ƙi tsayawa duk da garin maganin da aka barbaɗa. Kafin la'asar an sa shi a bayan a-kori-kura an nufi Gusau.

Likitan da ya ɗinke wurin ya fito ya tambayi wa ya kawo shi. Hanatu ta ce ita ce. Ya ce an haɗa da gandar kanta an yanke, wurin da ke rufe hanyar hanci in mutum yana magana. Ya ce zai rayu. Ba ta tambayi batun murya ba, don ta ga amsar a yadda ya kau da kai.

Aka dawo da shi Rawayya. Ciwo ya warke sannu a hankali. Kumburin nan na asali ma ya sace da kansa, kamar yadda likitan farko ya faɗa. Amma in Sahabi ya kurɓi kunu, wani lokaci sai ya biyo ta hanci, ya juya baya ya goge don kada ta gani. Wata safiya ya fita bayan gari. Hanatu ta tsaya jikin danga tana saurare. Ta ji ya ɗauko murya, ta ji iska na zurarewa ta hanci kamar tulu mai huda. Ya sake ɗaukowa. Sai shiru. Ranar jarrabawa ta zo ta wuce yana gona yana yankan gero tare da ƙannen ubansa.

Mata suka yi ta shigowa barka. Talatu ce kan gaba.

"Kin gani? Ga shi yana magana, yana cin tuwo. Da kin biye ma likita da yanzu wani zance a kai."

Hanatu ta ce alhamdu lillahi. Garin neman gira ta rasa ido, kuma duk garin na yi mata murna.

Da suka watse ta same shi a gindin bishiyar bedi yana wasa lauje. Ta tsuguna gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Sahabi, ni nac cuce ka."

Ya ajiye laujen ya kama hannunta ya ɗaga ta. Ya buɗe baki don ya rarrashe ta, kalmomin suka fito ta hanci, a murɗe, har sai da ta matso kusa.

"Mi kac ce, ɗana?"

Ya sake faɗa, a hankali, kalma bayan kalma.

"Na ce ki bar kuka, Inna. Na warke."