Bif ɗin Madam Thérèse

Kamfaninmu a nan Garwa firij mai aiki da hasken rana yake sayarwa, ni kuma aikina amsa wayar masu ƙorafi. Duk wanda ya kira, kwamfuta ta buɗe masa dosiye, wato fayil ɗin ƙorafinsa. Ja na nufin matsala na nan, kore an gama. Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, Misye Jules, ba abin da yake so a duniya kamar ya ga rahoton mako kore shar.

Ranar Alhamis Madam Thérèse ta kira. Ita ce nas a wani ɗan asibiti can kan dutse bayan Mokolo. Ta ce firij ɗin allurar rigakafi ya fara kuka, sanyinsa na raguwa. Na buɗe dosiye, ya yi ja, aka sa shi a layin Alphonse mai gyara.

Litinin da safe na ga dosiyenta kore. Har na ce madalla. Sai wayata ta kaina ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Lambar Thérèse ce. Na kira ta.

"Kaltumi ƙanwata, ina mai gyaran?" in ji ta. "Tun Juma'a nake yi wa ofishinku bif."

Innalillahi! Nan take na gane. Kwamfutar takan aika saƙo cewa in matsala na nan a sake kira, in ta ji shiru sai ta rufe dosiye da kanta. To wa ke ƙona kiredi ya kira kamfani a ƙasar nan? Bif ake yi, wato a kira a katse, mai kiredi ya biyo ka da kira. Kowa ya san wannan, har kakata. Amma wannan tsinanniyar na'ura, kiran da ba a ɗauka ba, a wurinta ba kira ba ne.

"Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna," ta ce. "Laraba ce ranar allura, mata za su sauko daga duwatsu da goyo. In ya kwana biyu a haka, sai dai a zubar."

Na danna in sake buɗe dosiyen, aka ce sai da izinin shef. Shef yana cikin jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngawundere, wayarsa ba ta shiga. Na buɗe sabo, ya faɗa can ƙarshen layi. Wallahi saura kaɗan in buga allon da ƙasa.

Na ruga wurin Alphonse, na same shi yana cin makala, fanken nan namu.

"Ba a ba ni mai sai dosiye ya iso kaina," ya ce. "Kin sani."

"Kai dai tashi! Dosiye ne zai kamu da ƙyanda ko 'ya'yan mutane?"

Ya dube ni, ya goge hannu a wando, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

Na sake kiran Thérèse. Ta ce sai ta hau wani dutse take samun rezo, wato sabis ɗin waya, ga cajin wayarta ya kusa ƙarewa, don a jikin firij ɗin take caji. Muka yi da ita: in Alphonse ya iso ta duba kwalaben, bif ɗaya allura ta tsira, biyu ta lalace.

Ranar nan ban iya cin abinci ba. Wani ya kira yana faɗa a kan murfin firij ɗinsa, ban ma san me na ce masa ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ina ta hango matan nan a layi cikin rana.

Talata da hantsi shef ya shigo da jakar tafiyarsa, ya leƙa allo, fuskarsa ta washe.

"Bravo, Kaltumi! Makon jiya babu ja ko ɗaya."

Kafin in buɗe baki wayata ta yi ƙara a kan tebur, ta katse. Na ɗora hannu a kanta. Ya Allah, ta tsaya a nan. Fanka na ta juyawa, shef na ta magana.

Sai ta sake yin ƙara a ƙarƙashin tafina.

"Ba za ki ɗauka ba?" in ji shef.

"Ta riga ta katse," na ce.