Kujera a Gaban Kwalaye

"Ɗan matsa hagu, Baba. Yauwa. Kwalin sukarin nan ya fito ta bayan kafaɗarka."

Tsohon Direba ya ja kujerar da ƙyar, ya gyara hularsa, ya shafa gaban rigar da yake ajiyewa don irin wannan rana kaɗai. Mai Shago ta ɗaga wayarta tana duba yadda hoton zai fita. A bayansa kantoci ne cike har sama, madara da sabulu da taliya da ganyen shayi, kai ka ce shagon da ciniki ke hana mai shi zama ne. Daga ita sai shi sai Allah suka san yawancin kwalayen nan iska ce a cikinsu. Tun da kaya suka yi tashin da ba su sake saukowa ba ta daina iya cika shago, sai ta koyi dabarar da rabin masu shagunan layin suka koya. In kaya ya ƙare, a liƙe bakin kwalin a mayar da shi mazauninsa, don mai saye ba ya son shiga shagon da ya ga yana shirin mutuwa.

"Fuskata fa? Ban yi kama da marar lafiya ba?"

"Ka yi kama da ango."

"Ke dai 'yata, bakinki zuma, shagonki iska."

Wayar ta yi ƙara. Auta ne, ɗan da ya rage wa tsohon a duniya, wanda ya ƙetare teku shekarun baya neman na kansa. Ranar hutunsa yake kira, a wayar Mai Shago, tunda ta tsohon ba ta nuna hoto. Kullum kuma daga cikin mota yake kiran, wata baƙa mai kujerun fata da yake kai wa mutane saƙo gida-gida da ita.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Garau nake. Ka ga dai inda nake zaune, tsundum cikin arziki. Ya motar? Ka canza mata baƙin mai?"

"Na canza. Baba, a labarai an ce abin ya yi tsanani a wajenku."

"Labarai ai sana'a ce. In ba su ce an shiga uku ba, wa zai saurare su? Ku ne ma muka ji ana ta rufe masana'antu."

"Wasu ne. Ni aiki har ya yi min yawa. Sanyi ne dai yake cinye albashin mutane a nan, sai an sayi ɗumi kamar yadda ake sayen abinci. Ku a gida ko babu komai akwai mutane."

"Akwai su kuwa. Ga Yayarka nan tana ta cusa min abinci."

Mai Shago ta leƙo ta ɗaga masa hannu, suka gaisa. Ana kashe wayar tsohon ya saki jikinsa cikin kujerar, tarin da ya danne tun farkon hirar ya taso masa gaba ɗaya. Da ya lafa, ya zaro ƙwayar maganin zuciyarsa daga aljihu, ya ɗora a kan kantar shagon, ya ce ta miƙo masa reza. Tana kallo ya raba ƙwayar biyu, ya haɗiye rabi, ya naɗe rabin a takarda.

"Likita cewa ya yi guda, Baba."

"Likita bai je kemis ba kwanan nan."

Abin ya tsaya mata a rai, amma ta karɓi rezar ta mayar wurinta. Katanga ɗaya ce tsakanin shagonta da ɗakinsa, kuma tun tana amarya a layin yake ce mata 'yata. Ranar da mijinta ya rasu shi ya tsaya a kan komai. Mutum irin wannan ba a yi masa faɗa.

Da yamma bencin ƙofar shagon yakan cika, hira kuma guda ɗaya ce. Tela, wanda kekensa ya koma ɗinkin faci tunda mutane suka daina yanka sabon yadi, cewa yake talaucin ƙasar su Auta na wasa ne.

"An ce kukansu bana ba za su je yawon shaƙatawa ba. Su zo nan su ga yadda ake shaƙatawa."

Wata 'yar kasuwa da ke sarin kaya a ƙasar maƙwabta ta ce ita tunda ta dawo take godiya ga Allah. Can tun asuba ake bin layin mai da na burodi, kuma kuɗinsu ya lalace har yara na wasa da shi a titi. "Amma ka san abin mamaki? Su gani suke mu a aljanna muke. Wata har roƙona ta yi in taho da 'yarta."

Tsohon Direba ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ni na zaga ƙasashe da babbar mota. Duk inda na sauka, cewa suke wahalar ta fi zafi a wajensu, daɗin kuma yana ƙasar gaba. Na bi hanya har ta ƙare, ban iske ƙasar gaban nan ba."

Da tafiya ta yi tafiya, ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Bencin yamma ya gagare shi. Mai Shago ta koma kai masa abinci ɗaki, ta tarar da na jiya a rufe, ya ɗan taɓa gefe don kada ta yi magana. Ɗakin babu wani tarkace. Katifa ce a ƙasa, sai rediyo, da buta, da hoton wata babbar mota shuɗiya da rana ta cinye rabin launinta, sai rigar ranar waya a rataye jikin ƙusa, an lulluɓe ta da leda. A kan tagar kuwa 'yan ƙullin takarda ne a jere, kowanne da rabin ƙwaya a ciki.

Ranar da ta same shi zaune ya jingina da bango saboda kwanciya na toshe masa numfashi, haƙurinta ya ƙare.

"Baba, ni fa zan gaya wa Auta. Ɗanka ne. Yana can cikin mota mai kujerun fata, kai kana nan kana yanka magani da reza. In wani abu ya same ka, da wane ido zan kalle shi?"

Ya nuna mata gefen katifar.

"Zauna, 'yata. In ya kira, me kike gani a gilashin da ke bayansa?"

"Gilashi nake gani."

"Ni raɓa nake gani, ta ciki. Kin san ni a mota na yi rabin rayuwata. Gilashin da mutum ya kwana yana numfashi a cikinsa, ko daga nesa na hango shi na gane. Kujerar gefensa kullum a kwance take. Akwai bargo a ƙarƙashinta, yakan tura shi da ƙafa, amma gefensa yana leƙowa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Yaron nan ba shi da ɗaki. Motar ce ɗakinsa, ita ce kuma sana'arsa. In kika gaya masa, na san jinina, sayar da ita zai yi ya hau jirgi. Ya zo ya binne ni, sannan ya zauna a bencinki yana kallon kwalaye. Ki bar shi."

Ita Mai Shago duk tsawon lokacin nan motar take gani, har takan ji haushin yaron a ranta. Ta fita ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba.

Ranar hutun da ta biyo baya, Tela ne ya taimaka mata suka tallabo tsohon zuwa shago. Ta shafa masa mai a fuska don ta yi sheƙi, ta ja kujerar kusa da kantar shagon yadda ƙafafun ba za su fito ba. Wannan karon da Auta ya bayyana, ita ma gilashin ta kalla. Raɓar tana nan, har wani ɗigo ya gangaro ya bar layi.

"Baba, kamar ka rame."

"Wayar Yayarka ce mai rowa, komai ragewa take yi. Kai fa, kana samun barci?"

"Ina samu, Baba."

"Ka riƙa sassauta gilashi kaɗan. Mota tana son iska."

"To, Baba."

Maganar ta zo wa Mai Shago har baki. Tsohon bai ko kalle ta ba, ya dai ɗora hannunsa a kan nata da ke riƙe da gefen kujerar, ya danna. Ta haɗiye. A ranta ta ce mako mai zuwa, ko zai yi fushi da ita har abada, sai ta faɗa. Sau da yawa cikin kwanakin nan ta ɗauki wayar tsakanin mai saye da mai saye, ta nemo lambar Auta, sai ta tuna bargon nan ta ajiye.

Mako mai zuwan bai same shi ba. Wata safiya ta shiga da shayi ta tarar da rediyo na ta bayani a kan faɗuwar kasuwanni a wasu ƙasashe masu nisa, shi kuma yana jingine da bango, hularsa ta zame gefe. Ta kira shi Baba, ta sake kira. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta kashe rediyon, sannan ta zauna ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Ta nemi Auta, wayarsa a kashe. Ta bar masa saƙon murya. Mutanen layi suka yi wa tsohon abin da ya kamata, aka kai shi makwancinsa, bencin ƙofar shago ya cika da masu gaisuwa ya kuma watse. Sai washegari da hantsi wayar ta yi ƙara.

Yana cikin motar. Bai ɓoye bargon ba, yana yafe da shi a kafaɗa, idanunsa sun kumbura.

"Yaya, tun yaushe yake ciwo?"

"An daɗe."

"Kuma kina riƙe da wayar nan duk mako." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mata sauƙi. "Da kin ce min kalma ɗaya, wallahi da na sayar da motar nan na zo."

"Abin da ya ce za ka yi ke nan. Shi ya sa ya hana ni." Ta share hawaye da gefen mayafinta. "Ya san a cikinta kake kwana, Auta. Ya ce raɓar gilashi ce ta gaya masa. Ni dai na rasa wanda zan bi a cikinku, na bi shi. In na yi kuskure ka yafe min."

Auta ya juya ya kalli gilashin da ke bayansa. Ya sa tafin hannu ya goge shi, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari. Mai Shago ba ta ga komai ba sai rufin motar yana ɗan girgiza. Wata yarinya ta leƙo neman ashana, ta yi mata alama da hannu ta dawo anjima.

Da ya ɗago ya ce, "Kwalin madarar nan da ke bayansa, mai yagewa a gefe, tun bara yana wurin. Na gani, Yaya. Na ce a raina in dai kwalaye ne kawai, da sauƙi. Ban tambaya ba, don ina tsoron abin da za a ce min."

Ta juya ta kalli kwalin. Shi kuwa bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Kujerar tana nan?"

"Tana nan. Ban matsar da ita ba."

"Juya min wayar in gan ta. Kada ki yi magana, ki bar ni kawai."

Ta ɗauko gwangwanin madara daga cikin kayan shagon, ta jingina wayar da shi tana fuskantar kujerar. Gwangwanin babu komai a cikinsa, sai ya zame, wayar ta kwanta. Ta sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai ta tura shi gefe, ta tsaya a bayan kantar ta riƙe wayar da hannu biyu, tana nuna masa kujerar roba da ƙafarta ɗaya ke ɗaure da wayar ƙarfe, da kwalin sukarin da ke daidai inda kafaɗar tsohon take kaiwa. Daga cikin wayar ta ji ƙarar gilashin mota ana sassauta shi kaɗan.